Wasiƙa: A Sake Duba Ƙirar Jakar Numfashi ta Hannu da Ake Kawo wa Asibitocinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani kayan aiki da ba a cika ambatonsa ba idan ana lissafin bukatun asibitocinmu, alhali kuwa shi ake fara ɗauka a duk lokacin da numfashin mutum ya tsaya. Ina nufin jakar robar nan da ake matsawa da hannu ana tura wa marar lafiya iska, wadda ma'aikatan lafiya a nan Maraɗi suke kira Ambu, wasu kuma su ce balon. Na yi aikin jinya a ɗakin tiyata da ɗakin farfaɗo da marasa lafiya har lokacin ajiye aiki ya zo, kuma ra'ayina shi ne ƙirar wannan jaka ta ɗora wa hannun ma'aikaci nauyin da ya kamata ita ma ta ɗauki wani kaso nasa, sannan masu sayo mana kayan aiki suna da bakin da za su nemi a gyara hakan.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, abubuwa uku ne a haɗe. Akwai jakar kanta, wadda idan aka matsa aka saki take komawa ta cika da iska ba tare da an hura ta ba. Akwai marufi mai taushin baki da ake kifawa a kan hanci da bakin marar lafiya. A tsakaninsu kuma akwai bawul, wanda yake buɗe wa iska hanya zuwa huhu idan an matsa, ya kuma karkatar da numfashin da marar lafiya ya fitar zuwa waje don kada ya koma cikin jakar. A bayanta akwai wani bawul ɗin da iska take shiga ta cikinsa, da wurin haɗa tiyon oksijin, da wata leda mai tara oksijin ɗin. Idan babu oksijin, iskar da muke shaƙa take turawa, wadda kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. Idan kuwa an haɗa ta da tukunyar oksijin aka buɗe lita 10 zuwa 15 a minti, kuma ledar bayan ba ta huje ba, abin da yake isa ga marar lafiya yakan kusa zama oksijin zalla.

Asalinta daga ƙasar Danmak ne. A 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kofenhagen, na'urorin numfashi suka yi kaɗan, sai likitan sa barci Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaron marasa lafiya a riƙa tura musu iska da hannu, aka tara ɗaliban likitanci suna karɓa-karɓa dare da rana na tsawon makonni. Jakunkunan wancan lokaci sai da tukunyar gas suke cika. Bayan haka ne wani likitan sa barcin, Henning Ruben, tare da injiniya Holger Hesse suka fito da jakar da take cika da kanta, ta shiga kasuwa a 1956 da sunan Ambu. An ruwaito cewa samfurin farko da waya irin ta ƙafar keke aka yi masa ƙashi, kuma mai gyaran keke ne ya haɗa wa Ruben shi. Daga wancan lokaci an sauya robar da ake yin ta da ita, an ƙara mata wasu ƙananan abubuwa, amma siffarta da yadda ake riƙe ta suna nan kusan yadda suke shekaru kusan 70 da suka wuce.

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da ita. Falalarta babba ce a wuri irin namu, domin ba ta bukatar lantarki, ba ta bukatar batir, ba ta kuma tsayawa don oksijin ya ƙare. Mutanen Maraɗi ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, asibitoci suka ƙara dogaro da injin janareto da man da za a iya samu. A irin wannan hali, da kuma a cikin motar ɗaukar marasa lafiya da ta taso daga Dakoro ko Mayahi ko Tasawa, jakar hannu ita ce na'urar numfashin da take tabbas. Saboda haka duk gyaran da za a kawo mata dole ne ya bar mata wannan falala.

Matsala ta farko ita ce girman jakar. Babban mutum yana bukatar mililita 500 zuwa 600 na iska a kowane numfashi, gwargwadon abin da zai sa a ga ƙirjinsa ya ɗaga, amma jakar manya da aka fi sani tana ɗaukar kimanin mililita 1,500, wato kusan ninki uku. Ba ta da wata alama ko wani birki da zai gaya wa hannu cewa ya isa haka. A aji ana koyar da cewa a matsa kashi ɗaya bisa uku nata, a hankali, cikin daƙiƙa ɗaya, sau ɗaya a kowace daƙiƙa 6, wato sau 10 a minti. Wannan yana da sauƙin faɗa a gaban allo. A gaban matashin da aka kwaso daga hatsarin babur, jini yana zuba, danginsa suna salati a bakin ƙofa, hannun ma'aikaci yakan yi sauri ya kuma yi ƙarfi ba da saninsa ba, har da ƙwararru waɗanda suka daɗe a aikin.

Illar hakan ba ƙarama ba ce, ko da yake mutane da yawa suna zaton iska ba ta yi wa wanda ba ya numfashi yawa. Idan aka tura ta da ƙarfi, takan buɗe hanyar abinci ta cika tumbi, tumbin ya kumbura ya danne huhu, daga nan amai ya taso ya koma cikin huhun, abin da kan jawo ciwon huhu mai tsanani ga wanda ya tsira. Idan aka yawaita ta kuma, matsin da yake cikin ƙirji yakan hana jini komowa zuciya yadda ya kamata, sai aikin wanda yake danna ƙirji ya ragu. Ga wanda ya bugu a kai, yawan numfashi yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, a lokacin da ƙwaƙwalwar ta fi bukatar jini. A 2004 wani bincike da aka yi a birnin Milwoki na Amurka ya gano cewa ma'aikatan agajin gaggawa da suka sami horo suna tura wa masu tsayawar zuciya iska kimanin sau 30 a minti, ninki biyu ko fiye na abin da aka tsara a lokacin, kuma gwajin da masu binciken suka yi a kan dabbobi ya nuna cewa irin wannan sauri yana rage yawan masu farfaɗowa.

Masu ƙira sun gwada hanyoyi dabam-dabam. Akwai jakar da aka sa wa 'yar fitila mai ƙyaftawa kowace daƙiƙa 6, akwai wadda aka sa wa bawul da yake tauri idan an matsa da ƙarfi don ya rage gudun iskar, akwai kuma wadda aka yi wa wurin sa yatsu ta yadda hannu ba zai iya matse ta duka ba. Wasu sun ce a rage girman jakar kawai. Sai dai a birnin Siyatil na Amurka, inda masu agajin gaggawa suka koma ga ƙaramar jaka, binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa waɗanda zuciyarsu ta dawo aiki raguwa suka yi. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara da duk wanda zai zo mana da sabon kaya yana cewa ya warware matsalar da dabara ɗaya.

A ganina, matsala ta biyu ta fi ta farko girma a wurinmu, ita ce zurarewar iska ta gefen marufi. Mutum ɗaya ne ake so ya kifa marufin da babban yatsa da manuni, ya ɗaga muƙamuƙi da sauran yatsu uku, ya karkatar da kai don harshe ya kauce daga hanyar iska, duk da hannu ɗaya, sannan ɗaya hannun yana matsa jaka mai nauyi wadda take rataye a gefe tana janye marufin daga fuska. Wani binciken da aka wallafa a Amurka a 2023, a kan mutum kusan 2,000 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, ya gano cewa a kashi 60 cikin ɗari nasu iska ba ta shiga huhu ba a fiye da rabin lokutan da aka dakatar da danna ƙirji don a tura ta, kuma waɗanda iskar ta fi shigar musu sun fi sauran tsira da kimanin ninki uku. Wato ana matsa jakar, ana jin ƙararta, kowa yana ganin ana aiki, amma iskar tana fita ta gefen kumatu. Maganin da littattafai suka bayar shi ne mutum biyu su yi aikin, ɗaya ya riƙe marufi da hannu biyu, ɗayan ya matsa. Shawara ce mai kyau ga asibitin da yake da ma'aikata. A cibiyoyin lafiya na karkara da muke kira CSI kuwa, sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne yake gadin dare, kuma mutum na biyun da zai samu shi ne ɗan rakiyar marar lafiya. Ƙirar da ta dace da mu ita ce wadda za ta bar ma'aikacin ya riƙe marufi da hannu biyu, ɗan rakiya ya matsa jakar da ba za ta yarda ya wuce kima ba, ko kuma wadda aka sa wa doguwar tiyo tsakanin jaka da marufi don nauyin jakar ya daina janye shi.

Fuskokin da muke kifa wa marufin ma abin dubawa ne. Yawancin dattawanmu da malamanmu masu gemu ne, kuma gemu yana hana marufi kama fata. Tsohon da haƙoransa suka zube kumatunsa sun lotsa, haka ma yaron da tamowa ta cinye naman fuskarsa, irin yaran da ake kwantarwa da yawa a Madarunfa da sauran sassan jihar nan a lokacin da abinci ya yi ƙaranci da lokacin zazzaɓin damina. Ma'aikata suna da dabarunsu, kamar sa ɗan bututun nan na Gedel a baki don ya riƙe harshe, ko barin haƙoran roba a bakin mai su, amma dabara ba ta maye gurbin marufin da ya dace. Ana bukatar marufi mai faɗin leɓe mai taushi wanda yake ƙara kama fata idan iska ta matsa shi, kuma garai yake ana ganin cikinsa, domin a hango amai da wuri a kuma ga tururin numfashi. Marufin da bakinsa hurarre ne da iska yana da daɗin aiki yana sabo, amma da ya sace ko ya tsage ya tashi daga aiki, kuma a ɗakunan ajiyarmu da wuri yake sacewa.

Inda na fi so in daɗe shi ne ɗakin haihuwa, domin a can aka fi bukatar wannan jaka a jiharmu. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa mace a jihar Maraɗi tana haihuwa fiye da sau 8 a rayuwarta idan aka ɗauki matsakaici, wanda yana cikin mafi yawa a duniya. A kowace haihuwa 10 kuwa, kimanin jariri ɗaya yakan bukaci taimako kafin ya fara numfashi. Yawancinsu goge jiki da shafa baya sun ishe su, wasu kaɗan sai an tura musu iska, kuma ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne suke bukatar danna ƙirji ko magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara tura iskar cikin minti ɗaya bayan haihuwa idan jaririn bai yi numfashi ba, kuma ga wanda watanninsa suka cika a fara da iskar ɗaki, ba sai an jira oksijin ba. Jaririn da nauyinsa kilo 3 ne yana bukatar abin da bai wuce mililita 15 zuwa 20 ba a numfashi ɗaya, sau 40 zuwa 60 a minti, amma ƙaramar jakar jarirai tana ɗaukar mililita 240. Tazarar da take tsakanin iskar da ba ta isa ba da wadda za ta fasa huhu 'yar kaɗan ce, kuma a yatsun ungozoma ko ma'aikaciyar haihuwa aka bar ta.

Duk da haka an ga amfanin horo ƙarara. Shirin koyar da taimakon jarirai su yi numfashi, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙaddamar da abokan hulɗarta a 2010, an gwada shi a asibitoci 8 na Tanzaniya, kuma rahoton 2013 ya nuna mutuwar jarirai a cikin awa 24 na farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Daga wannan aiki ne kamfanin Laerdal na ƙasar Nowe ya fito da jakar jarirai mai tsayuwa a tsaye a kan marufi maimakon kwanciya a gefe, mai ƙarancin sassa, mai marufin da ya fi kauri a sama. Da aka gwada ta a ɗakin haihuwa na asibitin Haydom a Tanzaniya, an ga iskar da take shiga huhu ta ƙaru. Ba a sa mata batir ko waya ba, wurin zaman nauyinta da marufinta kawai aka sauya, aka kuma rage sassanta. Irin wannan gyara nake nufi. A asibitin Mulago na Kampala a Yuganda kuma an gwada wani ɗan marufi da ake zurawa cikin baki ya zauna a kan maƙogwaro, a hannun ma'aikatan haihuwa, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna ba shi da haɗari a hannunsu, amma bai fi marufin fuska ceton rai ba.

Jakar yara da ta jarirai suna zuwa da wani ƙaramin bawul da yake sakin iska idan matsinta ya kai santimita 30 zuwa 40 a ma'aunin ruwa. Abu ne mai kyau, sai dai ana iya kulle shi, kuma a wasu samfurori ba a gane kulle yake ko buɗe sai an ƙura ido. Ya kamata a ce kullewar tana bukatar yatsa a kai, da an ɗaga yatsa ya koma buɗe da kansa. Akwai kuma ɗan ma'aunin matsi mai aiki da sifirin, mai launi kore da rawaya da ja, wanda ake maƙalawa kusa da marufi. Ba shi da tsada idan aka kwatanta da amfaninsa, amma da wuya a gan shi a cikin kayan da ake kawo mana.

Sai batun wanki, wanda masu ƙira a ƙasashen da suke da wadata ba su cika damuwa da shi ba, domin su jakar roba ta PVC suke amfani da ita sau ɗaya su jefar. Mu kuwa ba ma jefarwa, kuma babu amfanin a yi kamar ba a san haka ba. Jakar da aka rubuta a jikinta da Turanci ko Faransanci cewa ta marar lafiya ɗaya ce takan yi shekara tana aiki, ana tsoma ta a ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta ana shanyawa, alhali ba a yi ta don a kwance ta ba, saboda haka ruwa yana maƙalewa a cikin bawul, robar ta yi danƙo, leɓen bawul ɗin ya manne. Jakar silikon ita aka yi don maimaitawa, tana jure tafasawa da tukunyar tururi, amma ita ma tana da nata tarkon. Idan aka kwance ta sai ta zama sassa da yawa, wasu ƙanana, wasu kuma faifan roba ne masu kama da juna. Mai wankin sau da yawa ba shi ne mai aiki da ita ba, kuma ba a koya masa haɗa ta ba. Idan faifai ɗaya ya ɓace, ko aka juya bawul mai kama da bakin agwagwa, ko aka sa biyu a wurin ɗaya, jakar za ta yi kyau a ido, ta kuma matsu a hannu, amma ko dai iska ba za ta je ga marar lafiya ba, ko ta je ta kasa fitowa, wanda ya fi muni. Ba a gane wannan sai a lokacin da babu sauran lokacin gyara. Injiniyoyi sun san yadda ake ƙera abu ta yadda ba zai shiga ba sai ta fuskar da ta dace, kamar yadda aka daidaita bakin haɗin waɗannan kaya a kan milimita 15 da 22 a duk duniya. A yi wa sassan ciki haka, a rage yawansu, a ba kowanne launinsa, a ɗaure ƙananan da jikin manyan don kada su bi ruwan wanki, a kuma zana hoton haɗawar a jikin jakar da zanen da ba ya gogewa, domin takardar da take zuwa cikin kwali ba ta kwana biyu. Gwajin kafin aiki ma ya cancanci zane a jikinta: a toshe bakin da tafin hannu a matsa a ji tauri, a saki a ga ta cika nan da nan.

Zafi da ƙura suna ƙara nasu. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa ya fi haka nesa, kuma a nan jakar motar agaji take kwana take wuni. Roba mai arha takan bushe ta tsage, ko ta yi laushi ta daina komawa da sauri bayan an matsa. Da hunturu ƙura takan shiga bawul ɗin baya idan an rataye jakar a ƙusa ba rufi. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 10651-4 da ta tsara abin da ake bukata daga irin wannan jaka, kuma mafi ƙarancin abin da mai saye zai yi shi ne ya nemi shaidar cewa kayan sun cika ta. Akwati mai murfi da ake ganin cikinsa, wanda zai ɗauki jaka da marufai masu girma dabam-dabam wuri ɗaya, ni a wurina yana cikin ƙirar, domin jakar da aka samu ba a sami marufinta ba daidai take da babu.

Dukan waɗannan matsaloli suna komawa ga abu ɗaya, wato jakar ba ta gaya wa mai riƙe da ita abin da yake faruwa. Maƙeri idan yana zuga yana ganin wuta tana amsa masa, ya san lokacin ƙarawa da lokacin sassautawa, amma mai matsa jaka ɗagawar ƙirji kawai yake da ita, ita ma a ɗaki mai ƙarancin haske, ko a jikin mai ƙiba, ko a motar da take tsalle a kan hanyar laterit, ba kullum ake ganinta ba. Wani likitan yara na jami'ar Mbarara a Yuganda, Data Santorino, tare da abokan aiki daga birnin Boston na Amurka, sun ƙera wata 'yar na'ura da ake sawa tsakanin jaka da marufin jariri, tana nuna wa ma'aikaci da launi ko iska tana zurarewa, ko hanya ta toshe, ko ya yi sauri, ko ya yi ƙarfi. Abin ya burge ni, musamman da yake daga ɗakin haihuwa na Afirka tunanin ya fito. Sharaɗina ɗaya ne a kan duk na'ura irin wannan: ranar da batirinta ya mutu, jakar ta ci gaba da aiki kamar ba a taɓa sa mata komai ba. A wurin koyo kuwa, a kan 'yar tsanar gwaji, ba ni da wani sharaɗi, domin a nan ne ma'aikaci zai ga da idonsa yawan iskar da yake zubarwa.

Injunan da suke matsa jakar da kansu, waɗanda jami'o'i da dama suka yi ta ƙerawa a 2020 lokacin annobar korona, ba zan tsaya a kansu ba. Suna da amfani ga wanda aka riga aka sa wa bututu a maƙogwaro kuma tafiya ta yi nisa, amma ba sa riƙe marufi, ba sa ɗaga haɓa, kuma suna mayar da mu ga dogaro da lantarki.

Abin da nake roƙo daga ma'aikatar kiwon lafiya da hukumar lafiya ta jiha da ƙungiyoyin agaji masu kawo kaya shi ne su daina rubuta sunan jakar kawai da adadinta a takardar oda. A rubuta cewa ta silikon ce mai jure tafasawa, a faɗi girmanta, a nemi marufai lamba 0 da lamba 1 ga kowace jakar jarirai domin bakwaini da cikakken jariri ba marufi ɗaya suke ɗauka ba, a nemi ledar oksijin da bawul na sauyi tare da ita, a kuma fifita mai ƙarancin sassa ko da ta ɗan fi tsada. Jaka mai arha da za ta mutu cikin wata shida, ko a jefar da ita saboda faifan roba ɗaya ya ɓace, ita ce mai tsadar. Kafin a sayi da yawa, a kawo samfuri a ba ma'aikatan haihuwa da na gaggawa da 'yan kwana-kwana su gwada, a ba masu wanki su kwance su haɗa ba tare da an nuna musu ba, a ga abin da zai faru. Tunda kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, babu dalilin da zai hana a nemi bayanin haɗawa da gwaji ya zo da Hausa tare da hotuna.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da take nan garin tana da sashen koyon aikin lafiya da na kimiyya da fasaha, kuma akwai aikin da ɗalibanta za su iya yi ba tare da kuɗi masu yawa ba. Za su iya zagaya ɗakunan haihuwa da cibiyoyin lafiya na jihar su ƙirga jakunkunan da suke akwai, su gwada nawa ne suke aiki, su rubuta abin da ya lalace a kowace. Za su iya auna yadda zafin Afrilu da ruwan jabel suke cin kowane irin roba, su kuma auna fuskokin jariranmu da na yara masu tamowa a kwatanta da marufan da ake sayarwa. Irin wannan sakamako shi ake ɗauka a kai wa kamfani a ce ga abin da muke so. Ban ce a je kasuwa a sa masu walda su ƙera bawul da za a sa wa jariri ba, domin abin da zai shiga tsakanin mutum da numfashinsa sai ya bi gwaji mai tsanani. Amma akwatin ajiya, da maratayi a jikin gadon haihuwa, da madaurin da zai riƙe jaka a cikin mota, da huhun gwaji na koyo, duk masu sana'ar Maraɗi za su iya yin su.

Ina kuma roƙon shugabannin cibiyoyin lafiya su sa gwajin jakar cikin abin da ake dubawa a duk lokacin da ma'aikaci zai karɓi aiki daga ɗan'uwansa, kamar yadda ake ƙirga magunguna, su kuma ajiye 'yar tsanar gwaji a ɗakin haihuwa maimakon kulle ta a ofis, domin hannun da bai matsa jaka ba tsawon watanni yakan manta da abin da aka koya masa a taron horo. Idan akwai ma'aikatan lafiya a Damagaram ko Tawa ko Katsina da suka gwada jakar jarirai mai tsayuwa ko ɗan ma'aunin matsi a wurin aikinsu, zan so su rubuto wa wannan jarida abin da suka gani, musamman yadda kayan suka kasance bayan shekara guda ana wanke su.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar